Tankin da Ke Kan Akurkin Inna

Kawu Mai Keke bai taɓa mallakar keken hawa ba. Keken ɗinki yake gyarawa, can sunan ya samo asali, shi kuwa babur yake hawa tun kafin a haifi babban ɗansa. Baƙin babur ne mai faɗin ƙirji da kakkaurar murya, kuma a gidan ba a ce masa babur, Dattijo ake ce masa. Inna, matar Kawu, takan ce dattijai biyu take riƙo, ɗaya ya sha shayi, ɗaya ya sha mai, kuma duk cikinsu babu mai son a taɓa masa kaya.

Da safe Kawu yakan ɗaure akwatin katako a bayan Dattijo. A ciki akwai sukudireba manya da ƙanana, da 'yar kwalbar mai, da bel, da allurai a gwangwanin alewa. Haka zai bi teloli shago shago, ya shiga lungunan da mata ke ɗinki a cikin gida. Tun daga kwanar titi ake jin tahowarsa, tela ya ɗaga kai ya ce wa na kusa da shi, "Ga likita nan." Da wannan yawon aka yi rufin gidan, aka biya makarantar yara, aka aurar da na aurarwa.

Yana da ɗabi'u biyu a wurin aiki waɗanda ba ya saɓawa. Ba ya barin keke sai ya zura zare a allura da hannunsa ya ja layi ɗaya a tsumman da ke kafaɗarsa. Sannan duk abin da ya canza, sai ya ɗora tsohon a tafin hannun mai keken ya ce, "Ga abin da na cire, ga abin da na sa." Ko ɗan ƙusa ne sai ya yi haka. Wasu su yi dariya su jefar, shi dai ya sauke nauyi.

Haka yake yi wa Dattijo. Da ya ji wani ƙarfe ya fara gajiya sai ya canza shi tun bai kunyata shi a hanya ba. To wa zai ba tsohon? Sai ya shigo gida ya miƙa wa Inna da hannu biyu.

"Ga abin da na cire."

"To ni babur gare ni, Malam?"

"Ke dai riƙe."

Inna kuwa ba ta iya ganin abu yana zaman banza, ko mutum ko ƙarfe, sai ta nema masa aiki.

Yanar ido ce ta fara kama Kawu. Da farko ya ɓoye. In ya gama gyara sai ya miƙa wa tela zaren ya ce, "Zura in ga ko har yanzu ka iya." Teloli suka gane, amma ba wanda ya nuna ya gane. Asiri ya tonu ran da ya shigo da Dattijo ya daki ƙyauren gida da tsakar rana, ya sauko yana faɗan wa ya rufe ƙofa, alhali ƙyauren nan a rufe yake tun safe. Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Akawu saboda aikin ofis da yake yi, ya kai shi asibiti. Likita ya ce aiki za a yi a cire yanar, ya faɗi abin da za a kashe, sai Kawu ya tambayi inda takalminsa yake.

Dattijo ya koma jikin bango, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Kawu ya koma kan tabarma. Mutumin da bai san zaman gida ba, sai ga shi yana sauraron babura suna wucewa a waje yana faɗin ciwon kowanne. "Wancan fulogi ne. Wannan kuma mai shi ba ya ba shi baƙin mai, Allah ya isar masa."

Akawu ne ya zo da labarin wani shago mai bangon gilashi. Ya ce an buɗe shi a babban titi, tsofaffin babura kawai ake sayarwa, irin na zamanin Dattijo, kuma kuɗin guda ɗaya ya isa mota.

"Tsofaffi?" in ji Kawu.

"Tsofaffi, Baba. Wani ma duk tsatsa."

"Suna tashi?"

"Ban tambaya ba."

"To me ka tambaya?"

"Kuɗin na tambaya, Baba. In aka sayar da Dattijo an gama maganar idonka har da canji."

Kawu ya juya fuska wajen da Dattijo yake. Lissafin a fili yake, ko makaho ya gan shi: in ya riƙe babur ba idon hawa, in ya sami ido ba babur. Ya yi kwanaki yana juya abin. Wata safiya ya ce wa Akawu ya kirawo mutumin. Sannan ya yaye bargon, ya sa aka kawo masa ruwa da tsumma, ya wanke Dattijo da lalube, lungu lungu, bai yarda kowa ya sa masa hannu ba. Ya ce in dai rabuwa ce, ba za a ce daga gidan ƙazamai ya fito ba.

Mai shagon ya zo da hantsi. Matashi ne mai tsabta, yana ƙamshin turare, da 'yar tocila a hannu kamar mai duban haƙori. Ya gaida Kawu da ladabi, ya durƙusa gaban babur, ya karanta lambar da ke jikin ƙarfen, sai fuskarsa ta washe.

"Baba, irin wannan ai sun yi wuyar gani. Kai kaɗai ka taɓa hawansa?"

"Ni kaɗai, ɗana. Kuma ba zan ɓoye maka komai ba, don ka san abin da za ka saya." Kawu ya gyara tsayuwa, ya dafa tankin. "Ka ga wannan? Sabo ne. Na asalin ya fara yoyo, na cire shi na sa wanda ya fi shi kauri."

Mai shagon ya ɗago. "Ba na asali ba ne?"

"Ina! Wancan ai ruɓaɓɓe ne. Fitilar nan ma na canza, ta da kamar kyandir take. Salansar hayaƙi kuwa wannan ce ta uku."

Akawu ya yi gyaran murya. Shi ya riga ya ji a shagon cewa masu sayen irin waɗannan babura kayan asali suke biya, ko sun ruɓe, kuma kowane sabon ƙarfe rage kuɗi yake. Ya matso ya taɓa gwiwar hannun mahaifinsa.

"Baba, bar shi ya duba da kansa mana."

"Ya duba me? Ai ba zai gani ba, na ciki ne. Ɗana, injin nan na buɗe shi da hannuna ba sau ɗaya ba. Babu wani tsohon abu da na bari a ciki. Hannun birkin nan kuwa ba a kasuwa na saya ba, ni na goge shi daga ƙafar wani keken ɗinki. Taɓa ka ji. Kujerar, Innar yara ce ta ɗinka rigarta. Fenti kuwa duk shekara biyu."

"Fenti ma?" in ji mai shagon da 'yar ƙaramar murya.

"Har ƙarƙashi!"

Akawu ya taka ƙafar Kawu a hankali.

"Kai, Akawu, ƙafata ce nan. Ni ne mai ciwon ido ko kai?"

Inna na bakin madafa tana jin su, ta toshe baki da gefen mayafi.

Kawu ya ɗora ƙafa, ya yi bugu ɗaya, Dattijo ya tashi da muryar nan tasa mai kauri, kaji suka watse. Ya bar shi yana numfashi a hankali, ya juyo wajen da yake jin ƙamshin turare, yana jiran yabo.

Mai shagon ya kashe tocilarsa. "Baba, gaskiya babur ɗinka lafiyayye ne. Amma ba irin wanda nake nema ba ne. Masu sayena ba hawa suke yi ba."

"To me suke yi da shi?"

"Ajiyewa suke. A falo, ko a ofis. Suna son shi yadda ya fito daga kamfani, da fentinsa na farko, ko ya kwaile. Wannan kuwa, in ban da ƙashin bayan, komai an canza." Ya faɗi abin da zai iya bayarwa. Ko rabin aikin ido ɗaya bai kai ba.

Kawu ya kashe injin. Ba kuɗin ne ya fi ƙona masa rai ba. Duk abin da ya lissafa yana taƙama, aikin hannunsa na shekara da shekaru, ashe a kunnen yaron nan ɓarna yake lissafawa.

"Wato da na bar shi ya ruɓe, da ya fi daraja?"

"A wurinmu, e, Baba."

"Allah mai iko," in ji Kawu. Ya lalubo bargon zai mayar.

Mai shagon ya juya zai tafi, sai ya tsaya cak. Idonsa na kan akurkin kajin Inna. A saman akurkin, an danne kwanon rufi da wani abu mai kumburi, duk ƙura da kashin kaji. Ya matsa, ya goge gefensa da farin hankicinsa. Tambarin kamfani ya bayyana, da siririn layin ruwan zinare.

"Hajiya, wannan fa?"

"Wannan? Maganin iska ne. In ba shi, kwanon tashi yake."

"Akwai sauran?"

Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta ajiye ludayin hannunta. A nan cinikin ya bar hannun maza.

Ta shiga da shi gidan ɗaki ɗaki. Fitilar asali tana kan tagar ɗakinta, cike da maɓallai da ragowar zare. Salansa ta farko ita ke tokare ƙofar sito. Madubin yana rataye a bakin famfo, da shi Akawu ya koyi aske gemu. Duk abin da Kawu ya taɓa ɗora mata a hannu yana nan, kowanne da aikinsa. Mai shagon yana tattarawa da zumuɗi, Inna na lura da zumuɗin, tana ƙara tsada. Ya taya, ta ce albarka. Ya ƙara, ta ce to kajinta fa, wa zai biya su rufinsu? Akawu ya buɗe baki zai sa baki, ta ce, "Kai kuma je ka kawo wa baƙo ruwa."

A madafa ya ga kujerar asali, an kafe ta a kan guntun gungume, fatar ta yi sulɓi. Nan ya faɗi kuɗin da ya sa Akawu ya kusa sakin kofin ruwan.

"Wannan ba ta sayarwa ba ce," in ji Inna. "Ƙuguna ya saba da ita."

Ya roƙa, ya ƙara, ta zauna a kanta ta ci gaba da aikinta.

Kawu yana tsakar gida yana jin komai. Da aka zo biya sai ya ce a dakata.

"Ɗana, tankin nan yoyo yake."

"Na sani, Baba, ba komai."

"Ba ka sani ba, ji ka yi. Akawu, miƙo ruwan nan."

Ya sa aka ɗura ruwa a tankin, ya ɗaga shi sama. Ruwan ya tsiyayo ta ɗinkin ƙasa, ya jiƙa wa mai shagon takalmi.

"Ka gani da idonka?"

"Na gani, Baba."

"Fitilar kuma ba ta kamawa. Salansar a fashe take."

"Duk na yarda."

"To, ba ni na cuce ka ba."

Abin da aka samu ya isa ido ɗaya. Na dama aka yi. Kawu ya ce ya wadatar, ramin allura ai ɗaya ne. Na hagun ya jira, yaran kuma suka ce sun ɗauki nauyinsa. Ran da aka cire bandejin, abin da ya fara tambaya zare ne. Inna ta kawo kekenta, ya lashi bakin zaren, ya zura, ya wuce tun a karon farko. Ya ja layi a tsumman kafaɗarsa, ya daɗe yana kallon ɗinkin.

Bayan likita ya ba shi izinin hawa, hanya ta bi da shi ta gaban shagon gilashin. Ya tsaya ya leƙa. Ga tankinsa can a kan wani babur da bai taɓa gani ba, ga fitilarsa, an haska su da ƙwayayen lantarki masu kyau, an kewaye da jar igiya. An goge kashin kajin amma an bar tsatsar. Ya karanta kuɗin da aka rubuta a kati, ya rufe idon hagu ya sake karantawa, ko aikin likita ne bai yi kyau ba.

Mai shagon ya fito da fara'a. "Baba! Ka ga yadda ya yi kyau?"

"Ya yi kyau ƙwarai. Yana tashi?"

"Ai ba a zuba masa mai."

"Gara haka," in ji Kawu. "Kada ku zuba."

Da ya dawo gida ya ba Inna labari, ta tambaye shi ko bai ji kishi ba, ganin kayansa a wurin masu kuɗi. Ya ce kishin me? Wancan an sa masa kuɗin mota don ya tsaya wuri ɗaya, Dattijo kuwa yau kaɗai ya kai shi wurin teloli har unguwa uku ya dawo da shi. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro tsohon fulogi, baƙi ƙirin, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ga abin da na cire."

Inna ta karɓa, ta juya shi a tafin hannu, ta goge shi da gefen zane.

"Wannan na asali ne, Malam?"

"Na bara ne."

"To bari in adana," in ji ta. "Ba a san mahaukacin da zai zo gaba ba."