Taurari Biyu da Albasar Ɗanasabe

Duk wanda ya san Saliha ta Bunkure ya san ba a ce mata "ba za ki iya ba" a zauna lafiya. Gida ɗaya muka taso, ni 'yar ƙanwar babarta ce, kuma na sha ganin wannan taurin kai tun muna wasan ƙasa. Shan inna ya taɓa ƙafarta ta hagu tana ƙarama, da sanda take tafiya. Da babanta ya rasu, rabonta ya faɗa kan 'yar gona a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, can nesa da gari.

Baffanta Dalhatu bai ɓata lokaci ba. Ya ce mai sanda ba za ta iya zirga-zirgar ban ruwa ba, gara a damƙa wa ɗansa gonar. Saliha ta ce a ba ta rani ɗaya.

Ta yi karatun gyaran lantarki a Kano, sai ta harhaɗa wani ɗan akwati ta manna wa famfon sola. Aikinsa shi ne ya kunna ruwa da safe, ya kashe da kansa bayan minti arba'in, lokacin da ƙasa ta sha. Umarnin da ake rubuta wa irin wannan na'ura, wanda suke kira kod, ta kwafo shi daga shafin intanet na masu sayar da kayan. Ba ta rage ko ɗigo ba, don shafin da kansa ya ce a kwafa yadda yake.

Ranar farko famfo ya tashi da hantsi, bai tsaya ba sai bayan la'asar. Ruwa ya cika gonarta, ya fasa kunya, ya kwanta a kan irin albasar maƙwabcinta Ɗanasabe, wanda sati guda ya rage a dasa. Irin ya ruɓe gaba ɗaya. Na ga Ɗanasabe tsaye cikin taɓo yana kallon wahalarsa, wallahi sai da na ji tausayinsa. Amma haushi ya fi kama ni da na ga Baffa Dalhatu yana murmushi a ƙarƙashin gemu.

Saliha ta zauna a tabarma da wayarta, tana bin kod ɗin layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har ta kamo ɓarawon. A wajen lissafin lokaci, wanda ya rubuta ya sa taurari biyu a tsakanin lambobi uku a matsayin alamar sau, wato kaza sau kaza sau kaza. Shi kuwa shafin, tsarinsa shi ne idan ya ga rubutu tsakanin taurari biyu sai ya haɗiye su ya karkata rubutun don ado. Taurari suka ɓace, lambobi uku suka manne suka zama lamba ɗaya zungureriya. Minti arba'in ya koma wuni guda.

Aka zauna a gindin mangwaro, masu gonakin layin suka hallara.

"Saliha, kin gani da idonki," in ji Baffa Dalhatu. "Ki cire wannan abin wasan, ki bar wa maza aikinsu."

"Baffa, ɓarna dai na yi ta, ban musa ba," ta ce. "Amma akwatina ba inda za shi."

"To albasar bawan Allah fa? Mutanen intanet ɗin naki ne za su dasa masa?"

Aka kwashe da dariya. Ita ko gezau. Ta juya wajen Ɗanasabe.

"Malam Ɗanasabe, irina na nan a gida, lafiyarsa ƙalau. Naka ne duka. Ni zan dasa maka da hannuna."

Nan dariya ta mutu, don kowa ya san ba ta da wani irin. Na ja ta gefe na ce ta haukace. Ta ce albasa ana sake shukawa, amma gonar da ta shiga hannun Baffa ba ta dawowa.

Haka ta yi ta jan ƙafa cikin kunyoyin Ɗanasabe, sanda a gefe, gwiwa a taɓo, har ta dasa masa tas. Ta kuma rubuta wa masu shafin ta nuna musu inda taurarinsu suka faɗi. Suka gyara, suka aiko da godiya layi ɗaya, ba wanda ya tambayi albasa. Tun daga nan ba ta ƙara yarda da kod ba sai ta gwada shi a bokiti a tsakar gida.

Gonarta ta samu alayyahu kawai a wannan ranin. Ranar da ta sake kunna famfon, Baffa Dalhatu ya zo ya tsaya a kan kanal, ya harɗe hannu a baya yana jiran ambaliya. Ruwa ya bi kunya-kunya, ƙasa ta sha, famfo ya yi ƙit ya tsaya shi kaɗai.

Saliha ta ɗauki sandarta ta miƙe.

"Baffa, ni na tafi gida," ta ce. "In za ka daɗe, don Allah ka kore min awaki."