Takardun da Na Hura Wuta da Su

Shekarar da soja suka miƙa mulki ina aji uku, muna zaune a Ƙofar Kwaya. Da an idar da isha'i sai mu kewaye kakarmu, Iya Abu, a bakin murhu. Hura wuta aikina ne, don haka take ce mini, "Maigida, ragon miji, har yanzu hayaƙi kake ba ni?"

Duk tatsuniyoyinta da ƙurunƙus take rufewa, ban da labarin rijiyar unguwarmu. Ta ce wata shekara ruwa ya yi wuya, maza sun tafi cirani, sai mata bakwai suka ɗauki fartanya da ƙwarya suka yi ta haƙa har suka tadda ruwa. Uwarta na cikinsu. Sai ta jero sunayensu, mu kuwa muna hamma.

"Ku riƙe, ɗiyan nan," in ji ta. "Wannan ba Gizo ba ne. Mutane ne."

Wani ɗalibin kwaleji ya taɓa yin kwanaki yana rubuta bayaninta, daga baya ya kawo mata kwafi an buga da tafireta. Ba ta karatun boko, sai ta tura shi ƙarƙashin gado. Da damina itace ya jiƙe, ni kuwa na gano takardar tana kama wuta nan da nan. Kullum sai na yagi shafi ɗaya ko biyu. Iya har yabona take.

Yanzu Iya ta daɗe da rasuwa, an cike rijiyar an gina shaguna. Na rubuta labarin a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu. Wani edita ya manna sanarwa: babu madogara, in ba a kawo ba cikin mako guda za a goge shafin. Na rubuta masa cewa kakata ce ta faɗa. Ya amsa cikin ladabi, "Allah ya jiƙanta, Malam, amma a ina wani zai duba ya gani?"

Gaskiyarsa. Na je kwalejin, aka ce gara ta cinye tsofaffin kundaye. Na bi tsofaffin unguwa gida-gida, sunaye huɗu kawai na haɗa. Wallahi hankalina a tashe yake, saura kwana biyu.

Shaidar da ake nema, ni na cusa ta a murhu da hannuna, ina murna wuta ta kama.