Mai Buhun Ƙasa

A tashar motar Huehuetenango, Hermelinda mai kunun masara ta rasa gane kan tsohon nan. Malfarsa ta sha rana, yana rungume da buhu kamar jariri. Ta yi tunanin ƙila ba shi da kowa a kan dutse sai itatuwansa. Ta ɗauka gahawa ce a cikin buhun, sai ta hango baƙar ƙasa.

"Baba, ƙasa kuma?"

"Irin gahawar kakana na dasa wa 'yata a kwari. Ya yi 'ya'ya, amma ɗanɗanon ba namu ba ne. Ƙasar dutsenmu zan kai mata."

"To sanyin dutsen da raɓarsa fa? A wane buhun ka zuba su?"

Ya dubi buhun, ya dubi dutsen. Motarsa na shirin tashi, shi ko bai motsa ba.