Carbin Inna a Madubin Mota

Yayana direban bas ne tsakanin Ajingi da Kano, kuma duk tashar an san shi da gudu. Tun muna yara haka yake, ko tuwo a tsaye yake ci. Ni kuwa malamar kimiyya ce a sakandare, abin da shi yake kira surutun allo.

Shekarar da Innarmu ta zame a bakin rijiya ta karye a cinya, garin Gaya muka kai ta wajen mai ɗori. Da ya gama ɗaure cinyar da kara, ya ce mu mayar da ita gida, amma in ƙashin ya goce a hanya, sai dai ta ƙare rayuwarta da ɗingishi, ko ma a zaune. Na dubi Yaya. Na san tuƙinsa.

Muka shimfiɗa mata katifa a bayan bas. Kafin ya tayar, na karɓi carbin da ke hannunta na rataye a madubin gaba.

"Yaya, ka ga wannan? In ka fizgi mota, zai yi baya. In ka taka birki, zai yi gaba. A kwana kuma ya yi gefe."

"To, sai me?"

"Ba shi yake motsi ba, mota ce take canja tafiya ta bar shi. Abin da yake zaune so yake ya yi ta zama, mai tafiya kuma so yake ya yi ta tafiya. Duk abin da ka ga ya sami carbin nan, shi yake samun ƙashin Inna."

Na jira ya ce na fara surutun allo. Sai kawai ya murza makulli.

Ban taɓa ganin an tayar da mota haka ba. Sai da na ga shaguna suna wucewa na yarda muna tafiya. Carbin na rataye sak, sai ɗan karkarwar inji. Masu adaidaita sahu suna wuce mu, wani abokin aikinsa ya leƙo ta taga yana dariya, wai ko ƙwai ya ɗauko. Yaya ko kallonsa bai yi ba. Tun daga nesa yake sakin totur in ya hango rami, gumi na bin wuyansa.

Can wata akuya ta faɗo titi. Dole ya taka birki, carbin ya yi gaba har ya daki gilashi. Inna ta yi salati a hankali. Na dubi Yaya, tausayinsa ya kama ni fiye da nata.

"Ya goce?" ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa.

Na ce ban sani ba, don ban sani ba ɗin.

Makonni muka yi da wannan fargaba. Yaya ya rame. Ranar da mai ɗori ya zo ya kwance karan, Inna ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta taka daga ɗaki har tsakar gida, ƙafafunta daidai.

Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yabonsa a gaban mutane. Sai ta dube ni.

"Ke, wai wannan ne ya tuƙo mu ranar nan? Na ɗauka wani kuka ɗauko haya."

Yaya ya juya mana baya ya fita zaure da sauri, yana goge fuska da hularsa.