Kan fidar da ya kusa raba ni da ɗan ƙanwata

Shekarun baya, ƙanwata ta haihu, ciwo ya kwantar da ita a asibiti tun kafin a yi suna. Likita ya hana ta shayarwa saboda magungunan da take sha. Ranar da na je ɗaukar jaririn ta ce mini, "Yaya, amana ce. Kada ya bar hannunki sai na tashi." Na ce to, na taho da shi gidanmu a Koki.

Duk wanda ya san ni ya san halina. Ni ce mai komawa in duba ƙofa bayan na kulle ta da hannuna. Ga shi 'ya'yana duk nono suka sha, ban taɓa riƙe fida ba. Abin da malamar asibiti ta nuna mini ranar farko shi na riƙe kamar karatun sallah: a tafasa fida, a auna ruwa, a auna madara, kada a ƙara kada a rage. Karatuna a firamare ya tsaya, rubutun jikin kwali ba ya shiga kaina, saboda haka ban yarda in canja ko tsinke ba. In robar kan fidar ta tsufa, sai in naɗe ta a leda in kai kemis in ce a ba ni irinta sak.

Da farko lafiya lau. Yaro ya yi kumatu har maƙwabta suna tsokanata. Amma da ya doshi wata huɗu sai ya canja. Zai kama fida da zafinsa, ya yi ta zuƙa har robar ta lotse, gumi ya tsattsafo masa a goshi, sai ya tofar ya ƙwalla ƙara. In na lallaɓa ya sake kamawa, barci ya sace shi madara ko rabi ba ta yi ba. Kafin in gama wanke-wanke ya farka da kukan yunwa. Na duba bakinsa, na duba kunnensa, na canja ruwan da nake dafawa, na yi tofi har yawuna ya ƙafe. Kumatun nan suka fara zubewa, ni ma na bi su.

Ana cikin haka yayar ubansa ta fara zuwa, wata Hajiya daga Ƙofar Wambai, wadda ta goyi jikoki da fida ba ɗaya ba ba biyu ba. Ta zauna a kan tabarma ta ƙura mana ido, yaro yana fama ina fama. Da ya gaji ya fashe da kuka sai ta ce, "Miƙo shi nan." Ta zaro tata fidar daga jaka, ta juye madarar a ciki, ta sa masa. Wallahi kafin in gyara zama ya shanye tas, ya yi gyatsa, ya yi luf a ƙirjinta.

Ta kalle ni ta ce, "Kin gani ko? Yaro ai ya san jininsa. Hannunki ne bai karɓe shi ba, ba laifinki ba ne."

Haka ta yi ta yi, zuwa bayan zuwa. In ta zo ya ƙoshi, in ta tafi da fidarta mu koma gidan jiya. Magana ta zaga layi. Wata tsohuwa har ta tambaye ni ko ina ba shi da hagu ne. Ni kuma da zuciyar nan tawa mai neman laifin kanta, na yarda. Na shiga lissafin wanda na taɓa ɓata wa rai, ko wani alhaki ne yake bina. Ƙarshe uban yaron ya zo, kansa a ƙasa, ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci za mu mayar da shi wajen Hajiya." Da wane baki zan je asibiti in gaya wa maras lafiya?

Halin nan nawa da ake yi wa dariya shi ya cece ni. Zuwan Hajiya na gaba, ta gama ba shi za ta jefa fidar a jaka ko ɗauraya babu, sai na kasa daurewa. Na ce, "Hajiya, kawo in tafasa miki."

Ta ce, "Ke dai da tafashe-tafashe. Wata rana sai kin tafasa yaron."

Na karɓa na shiga madafa. Ina wankewa na kifa ta da ruwa a ciki, sai na ga yana ɗiga, ɗis, ɗis, ɗis. Na ɗauko tawa na kifa. Shiru, sai da na girgiza sannan ɗigo ɗaya ya leƙo. Na tsaya riƙe da fida biyu kamar wadda aka dasa.

Washegari na goya shi sai asibitin unguwa. Malamar ta saurare ni, ta duba shi, ta juya robar ta nuna mini 'yar lamba a gindinta. Ta ce wannan ta sabon haihuwa ce, ƙofarta ƙarama. Ta ce ba watanni kawai ake ƙirgawa ba, yaron ake kallo. In yana daɗewa bai gama ba, yana lotsa roba, yana fushi ko ya gaji ya yi barci da yunwa, to a gwada ta gaba. In kuma aka sa masa ya riƙa ƙwarewa, madara tana zuba ta gefen baki, ta yi masa yawa, a koma baya. Ta ja mini kunne kada in kuskura in huda da allura. Na biya kemis na sayi ta gaba, ranar ya sha kamar ba shi ba.

Ran Juma'a suka zo, Hajiya har da sabon zanen goyo. Ban yi musu gardama ba. Na haɗa madara na zauna a gabansu, na sa masa da hannun nan da aka ce bai karɓe shi ba. Ya shanye yana wasa da ƙafa. Sannan na ce, "Hajiya, don Allah tun ranar farko kin san kan fidar ne?"

Ta gyara mayafi ta ce, "To ai ban ji an tambaye ni ba."

Uban yaron ya kalle ta. Ya miƙe ya ce, "Yaya, ki ci gaba da riƙonsa." Yaron yana wajena har uwarsa ta warke ta karɓi abinta.

Yanzu yaron yana makaranta, kuma muna gaisawa da Hajiya a biki da suna. Ban ga laifinta don ta so ɗan ƙaninta a ɗakinta ba, kowa yana son nasa. Abin da har yau na kasa mantawa shi ne zaman nan da ta riƙa yi a kan tabarmata, tana kallon jariri yana gumi a kan robar da ta san ta yi masa kaɗan, ta tashi ta tafi da maganin a jaka. Wai ba a tambaye ta ba. To kukan da yake yi a gabanta fa, in ba tambaya ba ce, mene ne?