Mamun Baba na Ƙarshe

Gidanmu katanga ɗaya yake da masallaci, amma sai da furfura ta fito mini kafin in san yadda cikinsa yake. Ba wanda ya taɓa hana ni da baki. Haka dai muka taso muka tarar a ƙauyenmu, can bayan Dogarawa: mace iyakarta gindin icen bedin da ke bakin ƙofar masallaci. Nan muke sauke tulu, mu cika randar alwala, mu juya. Duk abin da na sani na masallacin nan da kunne na san shi, ta bayan katanga, ina tsakar gida ina tankaɗe ko ina tuƙin tuwo.

Baba shi ne liman. Ya sha gaya mana cewa kakansa ne ya fara masallacin, ranar da ya sauka wurin da iyalinsa da jakunansa. Kafin ya kafa bukka sai da ya jera duwatsu a ƙasa, ya fitar da ɗan lungu wajen gabas, ya ce ga masallaci. Daga baya aka kewaye da zana, daga baya aka yi na laka aka rufa da azara. Ƙofarsa gajera ce, ko wane ne kai sai ka sunkuya. A waje, jikin bangon kudu, akwai matakalar laka inda ladan yake hawa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka ana gayyar yaɓe: mata mu jido ruwa, maza su taka ƙasa da ƙaiƙayi, samari su hau bisa suna gyaran indararo suna surutun banza. Ranar har fura da goro ake rabawa.

To, zamani riga ne. Samarin garinmu suka samu aiki a kamfanin siminti na Malbaza, waɗansu suka shiga fataucin Najeriya, kuma duk wanda ya tashi gini sai ya nufi bakin gudron, wato titin kwalta. Can suka haɗu suka gina sabon masallaci: bulo da siminti, daɓen karo mai sheƙi a ƙasa, fanka a sama, famfo a jere, ga hasumiya mai lasifika da ake ji har gonaki. Yana da kyau, ba ni da ta cewa, yayana ma yana cikin waɗanda suka ɗauki bulo a ka. Amma ni mai baki ce, na faɗa a lokacin kuma zan maimaita: mutanen da suka girma suna salla kan rairayi, sai ga su wai gwiwarsu ba ta son ƙasa! Sahun Baba ya dinga raguwa. Ladan ma ya bi lasifika, Baba ya zama shi ne liman shi ne ladan.

Ana cikin haka idonsa ya tafi. Sai ya ɗauki wata al'ada. In ya sauko daga kiran salla ba ya shiga kai tsaye, sai ya tsaya bakin ƙofa ya ja sandarsa a ƙasa, dama da hagu, yana taɓa takalman da aka tuɓe. Da haka yake sanin wa ya zo. Ya san takalmin taya na mahauci, ya san na maƙeri mai ɗinkin waya. Daga cikin gida ina jin ƙarar sandar nan, kuma shekara kan shekara tana ƙara gajarta.

Har ya zama saura takalmi ɗaya, wani tsohon takalmin soja mai igiya. Mai shi Bazabarme ne, aikin soja ya kawo shi Konni, da ya aje aiki ya auri 'yar garinmu ya zauna kusa da mu. Baba yana ce masa Sarsan, wato saje. Hausarsa ba ta taɓa miƙewa ba, amma amin ɗinsa, kai! In Baba ya kai ƙarshen Fatiha, Sarsan zai saki amin kamar yana ba sojoji oda. Marigayiya innarmu takan ce kajinta ma sun san lokacin magariba, don sai sun watse.

Wata Sallar Layya duk mun taru gida. Ni na zo daga Illela inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, yayana ya zo daga Malbaza. Bayan an ci nama, yayana ya zagaya masallacin ya dawo fuska a ɗaure, ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, gininga ya gaji," in ji shi. "Bana ba a yi yaɓe ba, bara ma ba a yi ba. In azara ta faɗo maka, mi za mu ce ma mutane? Ga ɗaki can na gyara maka Malbaza, masallaci ƙofa da ƙofa."

Baba ya ce, "Masallaci yana da haƙƙi bisa maƙwabcinai. In na tashi, wa za shi kiran salla nan?"

"Wa kake kira, Baba? Kowa yana gudron."

Na ce, "Kai dai Yaya bakinka ba shi da linzami!"

Baba ya ɗaga hannu, muka yi shiru. Ya daɗe yana murza kan sandarsa, sannan ya ce, "Muddin ina iske takalmi ga ƙofa wanda ba nawa ba, ba ni tashi. Ranar da na rasa, ka aiko mota, ba ni yi maka gardama." Magana zarar bunu ce, kuma Baba bai taɓa yin magana biyu ba. Daga ranar, zaman Baba a garin ubansa ya rataya ga tsohon soja mai ciwon hawan jini.

Na koma Illela. Ni ma ba wani taro gare ni can ba. Mijina ya rasu, ɗana yana karatu Yamai, ɗaki ɗaya nake haya kusa da kasuwa. In yara sun tashi daga lakwal, sai ni da rediyo. Duk magaribar da na ji an tada salla a masallacin unguwa sai in ce a raina, Allah ka ja da ran Sarsan.

Sarsan ya rasu da ruwan shuka, daidai lokacin da aka ba mu babban hutu. Na iso na tarar da zaman makoki. Kwanakin nan masallacin ya cika har waje, don gidan mutuwar yana kusa, Baba ma muryarsa ta dawo. Da aka watse kuwa, aka watse gaba ɗaya.

Ba zan manta da magaribar nan ba. Ina bakin murhu na ji ya kira salla, na ji ya sauko matakala a hankali. Sai sanda. Ta tafi dama, ta dawo hagu, ta sake tafiya dama. Ba ta taɓa komai ba. Ya yi ta jan ta kamar mai neman allura. Can na ji ya shiga, ya tada iƙama, ya yi kabbara. Ya karanta Fatiha da ƙarfi yadda ya saba, da ya kai ƙarshe sai ya dakata, daidai gurbin da Sarsan yake cikewa. Shiru. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici da kunnena ba sai ranar. Ina riƙe da muciya hawaye suna zuba, tuwon ma ya kama.

Da ya shigo gida bai taɓa abinci ba. Ya ce, "Uwata, gobe ki kira wanki ya aiko mota." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini haka.

Na ce, "Ba rezo ga salula kwanakinga, Baba."

"To, in rezon ya dawo," in ji shi. Ya san ƙarya nake, na san ya sani.

Washegari na wuni ina faɗa da kaina. Ni da ko leƙawa ban taɓa yi ba? Me mutane za su ce? Daga baya na ce, su wa? Mutanen da ke gudron? Da rana ta faɗi, na bari sai da ya hau matakala ya fara kira, na yi alwala na yafa mayafi na fita. Na wuce gindin bedi. Na tuɓe silifas ɗina a bakin ƙofa, na sunkuya na shiga.

Allah Sarki, ashe ɗan ƙarami ne. Ni da nake jin muryar Baba tana amsa kuwwa, na ɗauka fili ne. Ginshiƙi ɗaya ne mai kauri a tsakiya, azara ta yi baƙi, ƙasa rairayi ne mai sanyi da aka tankaɗe. Ga ɗan lungun alƙibla da buzun Baba a ciki, gashinsa duk ya kaɗe. Bangon dama ya yi santsi daidai tsayin kafaɗa, inda mutane suka yi shekaru suna jingina. Wurin yana warin jemage da tsohuwar laka. Na koma can baya na tsaya jikin bango.

Na ji ya sauko. Sanda ta tafi dama, ta ci karo da wani abu, ta tsaya. Ta ƙofa ina ganinsa ya sunkuya da ƙyar, ya lalubo silifas ɗin, ya shafa shi tun daga baki har dunduniya.

"Wa ad da wanga?"

"Ni ce, Baba."

Ya daɗe a sunkuye, har na fara tunanin zai kore ni. Sai ya aje takalmin, ya daidaita shi da ɗan'uwansa, ya shigo.

"Kin yi alwala?"

"Haba Baba, da furfurata?"

"Malamanmu sun ce jam'i mutum biyu na, ko da na biyun mace ta," in ji shi. "Tsaya nan baya inda kike."

Ya tada iƙama, ya hau buzunsa. Sannan ya ɗan juyo da kai yadda ya yi shekara da shekaru yana yi, ya ce, "A daidaita sahu." Ni kaɗai, wai in daidaita sahu! Dariya da kuka suka taso mini tare, na haɗiye su duka. Da ya kai ƙarshen Fatiha ya dakata, na ce amin can ƙasa-ƙasa, da kunya. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ji.

Haka muka yi daminar nan, salla biyar. Magana ta zagaya gari, ba shakka. A bakin rijiya wata ta ce mini, "Madam, an ce kin zama mamu?" Na ce, "Ƙwarai. Ki aiko mijinki in koma madafa." Mijin dai bai zo ba. Yayana ya zo wata Lahadi, ya ga silifas a ƙofa, ya dube ni ya dubi Baba. Sai ya tuɓe riga ya hau ya gyara indararon da ya karye. Ni kuma na kwaɓa ƙasa na yi ta liƙe tsagar bangon arewa, ruwa yana wankewa ina sakewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma na yi iyakar nawa.

Sai gero ya nuna, buɗe lakwal ya matso. Na bi gidajen da suka rage a tsohuwar unguwa, yawancinsu tsofaffin mata ne a ciki. Na je har gudron na roƙi maza, kowa ya ce in Allah ya yarda, kuma duk Bahaushe ya san irin wannan in Allah ya yardan. Na ce wa Baba zan aje aikin. Ya ce kul, ɗiyan mutane suna jirana, kuma shi bai sa ni lakwal don in dawo in tsare ƙofa ba.

Ana jibi zan tafi, muna zaune gindin bedi bayan la'asar, haushi ya ishe ni na ce, "To ni zan bar silifas ɗina nan. Ka dinga iske su kullum, kowa ya huta."

Baba ya yi murmushi. "Ɗauki abinki, Uwata," in ji shi. "Takalmi ba shi cewa amin. Kira wanki, na ga rezon ya dawo."

Na kira shi. Sai Baba ya karɓi salular ya yi maganar da kansa.

A magaribarmu ta ƙarshe, da ya kai ƙarshen Fatiha, na aje kunya gefe na saki amin irin ta Sarsan, har wani jemage ya tashi daga azara. Baba ya daɗe bai kama sura ba. Da safe mota ta zo. Ya shiga shi kaɗai ya naɗo buzunsa, ya sa aka jingina zana a ƙofar don kada awaki su shiga, ya ce in zubar da ruwan randa in kife ta. Ba wanda ya zo daga gudron, lokacin kowa yana gona.

Da hutun ƙarshen shekara na je Malbaza duba shi. Yayana bai yi ƙarya ba, masallaci ƙofa da ƙofa, babba, mai bene, ma'aikata cike har kan titi. Da magariba na tsaya bakin zaure ina kallo jikansa yana ja masa sanda. Takalma tuli a ƙofar masallacin, ya bi ta tsakiyarsu ya shige, sandar ba ta ko taɓa ƙasa ba.

Da ya dawo na ce, "Baba, ya sabon masallaci?"

"Alhamdu lillahi, Uwata," in ji shi. "Amin kamar ruwa bisa kwano. Sai dai ban san ta kowa ba."