Rumfar Baba Tsaya

Babanmu mai gyaran rediyo ne, amma duk unguwa Baba Tsaya ake kiransa. Rumfarsa tana bakin babban titi, daidai inda kwana ta ƙare direbobi suke fara taka wuta. Kwano huɗu ce, da benci, da tebur da ya sha ƙunar dalma. Shekara talatin da ɗaya ya yi a cikinta, ido ɗaya kan aiki, ɗaya kan titi. Da ya hango wani zai faɗa gaban mota sai ya kwarma ihu: "Tsaya!" Muryar nan ko kurma sai ya waiga. Ya ce har akuya ya taɓa tsayarwa, mu dai ba mu gani ba.

Ina son rumfar nan har cikin raina. In na kai masa abincin rana nakan tarar da rediyo uku suna magana lokaci guda, dattawa a kan benci suna gardama da mai karanta labarai. Gyaransa kuwa sai haƙuri, aikin kwana biyu sai ya kai wata. Mama takan ce, "Kai dai titin nan ka sa a gaba, mu 'yan rakiya ne." Amma ba kullum ihu ke tare mota ba. Akwai ranakun da yakan dawo da jini a riga, ya zauna a tsakar gida ya ƙi cin abinci. Ranar ba mai tambayarsa komai.

Da aka tashi sake fasalin titin, wata injiniya ta zo ta shimfiɗa takardar zane a kan teburinsa, don an ce mata ba wanda ya kai shi sanin hanyar. Za a rage faɗin titin, a yi tudun rage gudu, a gina wurin tsayawa a tsakiya. Wurin tsallakawa kuwa ta sa shi can gaban gidan mai. Rumfar Baba ba abin da zai taɓa ta. Dattawan benci suka yi hamdala.

Baba ya daɗe yana duban zanen, sannan ya ce, "'Yata, wa zai je can?"

"Taku ɗari biyu ne kacal, Baba."

"Mace da kaya a ka, da goyo a baya, ga kasuwa tana kallo, ita ce za ta yi miki taku ɗari biyu? Lungun nan na bayana ke zubo mutane. Nan suke tsallakawa, kuma nan za su ci gaba."

Injiniyar ta ɗora yatsa a kan zanen. "In na dawo da shi nan, rumfarka ce za ta tashi. Dole direba ya hango mai tsallakawa tun daga nesa, ita kuwa ta tare."

"Ai na fi ki sanin abin da ta tare," in ji Baba.

Amininsa, wani tsohon direba, ya miƙe daga benci yana karkaɗe riga. "Wallahi ka daɓa wa cikinka wuƙa! Wa ya aike ka?" Ni ma haushin Baba na ji, sati guda daga gaisuwa ba na ƙara masa komai.

Aka kuwa dawo da wurin tsallakawar nan. Da hannunsa Baba ya cire ƙusoshin kwanon rumfar. Ya mayar da teburin zauren gida. Dattawan suka zo sau biyu sau uku, suka ga ba abin kallo sai bango, suka watse. Tsufa ya sauko masa a shekara guda, kuma ya ƙi yarda ya sake bi ta titin nan.

Sai bayan shekara biyu na lallashe shi muka je. Inda bencin yake a da, daɓe ne yanzu, fili fetal. Wata mata ta sauka kan titi da yara uku, tana tafe tana gyara wa ƙaramin wando, motoci suna jiranta. Baba ya bi ta da kallo har ta haye. Sannan ya matsa wurin wani mai sayar da lemo a gefe.

"Malam, bana mutum nawa aka kaɗe a nan?"

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. "A nan? Ko dai wani titin kake nufi, Baba? Hala baƙo ne kai?"

Ban taɓa jin tausayin Baba kamar ranar ba, ban kuma taɓa alfahari da shi haka ba. Ya share ido da bakin hannun riga.

"Baƙo ne ni," ya ce. Ya riƙe hannuna muka tsallaka a hankali.